Kowa ya ce yana son sola, to me ya hana rufin Aboabo cika da ita?

Ɗalibar Tek: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ku gafarce ni, na shigo da dogon zance da daddare. Wasunku sun san ina digiri na biyu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi a Ghana, kuma bincikena a kan yadda jama'ar zango ke kallon wutar sola ne da tsarin da gwamnati ta yi mata. Mako uku ke nan ina bin gida-gida a unguwannin Aboabo da Asawase da takardar tambayoyi. Kusan duk wanda na tambaya ko yana goyon bayan sola sai ya ce "sosai ma, 'yata". Jiya na hau wani bene na leƙa saman unguwa. Kwano ne kawai da tankunan ruwa da shanya, faifan sola ɗaiɗai kamar haƙoran tsoho. In na bi abin da ke takarda, sai in rubuta cewa sola ta karɓu a zango. Zuciyata ta ƙi. Ku da kuka fi ni sanin gari, me nake kuskurewa?

Hajiya Mai Lamurji: Wa alaikumus salam. Ai ni ma kin tambaye ni, kuma na ce miki ina so. To 'yata, kin shigo gidana da sallama, ga ki ɗiyar mutunci, ga littafi a hannunki, in ce miki ba na so? Ko rogo kika ce za a riƙa yin wuta da shi cewa zan yi Allah ya sa albarka.

Masta Mai Walda: Hajiya ta gama magana. Rufe littafin kawai ƙanwata.

Ɗalibar Tek: Hajiya kin kashe ni da dariya, amma wallahi kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi.

Malamin Jami'a: Ƙanwata, kar ki rufe littafi, yanzu ma aikin ya fara. Abin da kika ci karo da shi tsohon ciwo ne a wannan fanni. Tun 2005 wasu masu bincike a Birtaniya, Bell da Gray da Haggett, suka yi rubutu a kansa: in an yi ƙuri'ar jin ra'ayi mafi yawan mutane na goyon bayan injinan iska masu samar da wuta, amma da an zo kafa su a wani gari sai aikin ya cije. Sai a 2007 Wüstenhagen da Wolsink da Bürer suka fitar da maƙalarsu a mujallar Energy Policy, wadda na tabbata kin karanta, suka ce karɓuwar nan hawa uku ce. Akwai ta manya, wato jama'a a dunƙule da 'yan siyasa da masu tsara doka. Akwai ta mutanen wurin da za a kafa abin. Akwai kuma ta kasuwa, wato wa zai ciro kuɗinsa ya saya ko ya zuba jari. Takardarki ta auna ta farko ce kawai, ita ce mai arha, ba ta cin ko pesewa. Rufin da kika hango kuwa yana ba ki amsar ta uku.

Masta Mai Walda: Malam, hawa ukun nan duk na ji. Ni ga tawa guda ɗaya. A Magazin, unguwar makanikai da maƙera, injin walda nake kunnawa da injin goge ƙarfe. Na taɓa kiran wani yaro ya yi min lissafin solar da za ta ɗauki shagon, da ya faɗi kuɗin sai da na tambaye shi ko da fili zai haɗa min. Lokacin dumsor, wato matsalar yawan ɗauke wuta, a 2015 mun ga tasku, awa 24 babu wuta, awa 12 akwai, wani lokaci ma awa 12 ɗin cikin dare take faɗowa. Yarana uku suka bar aiki, ɗaya ya koma tuƙa aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, har yau. Da sola na iya wannan aiki da tun lokacin na saya, ba sai an zo da takarda ba. Janareta na saya.

Ɗan Sola: Masta, gaskiya walda ba aikin ƙaramar sola ba ce, duk wanda ya ce maka haka yana son kuɗinka ne. Amma ba kowa ke walda ba. Fitila, fanka, talabijin, cajin waya, ƙaramar firiza, duk wannan tana ɗauka lafiya lau. Faifan kansa ya yi arha ƙwarai, tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ke karya mutane batir ne da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, kuma da dala ake shigo da su. Kun dai ga yadda kuɗinmu sidi ya faɗi a 2022.

Baba Fansho: Ku bari tsoho ya sa baki. Shekaruna na aiki duk a kan falwaya na yi su, daga nan har arewa. Jikata, kafin ki tambayi mutum ko ya yarda da sabon abu, tambaye shi me aka yi masa a tsohon. Da aka tare kogin Volta a Akosombo, Nkrumah ya buɗe madatsar a farkon 1966, mutum wajen 80,000 aka tasa daga garuruwansu aka zuba su a sababbin ƙauyuka 52. Wutar ta wuce ta kansu ta tafi Tema wajen narka alminiyum, ta tafi Accra, ta zo nan Kumasi. Da yawa daga ƙauyukan nan sun daɗe da fitilar kananzir, layin wuta na bisa kansu yana ƙugi. Na shiga wasunsu da ƙafata. Wutar ruwa ma ai mai sabuntawa ce, ko ba haka kuke kiranta ba? To je ki can ki ce musu an zo da sabon aikin wuta, ki ga kallon da za su yi miki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Sannan ga ta kwanan nan. A 2023 da ruwa ya cika aka buɗe ƙofofin madatsar, Mepe da Battor da garuruwan ƙasa suka nutse, dubban mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Mu a nan fankarmu na juyawa.

Malamin Jami'a: Baba, abin da ka faɗa shi ne zuciyar fannin gaba ɗaya, sai dai su sun ɗauki shekaru kafin su kai wurin. Da farko masana suna cewa masu ƙin aikin 'yan son kai ne, masu "a yi, amma ba a bayan gidana ba". Wolsink ya daɗe yana yaƙar wannan fassara. Ya nuna cewa yawanci abin da ke tunzura mutane shi ne yadda aka yanke shawarar, wa aka zauna da shi, wa ya ci riba, wa aka bari da ɗawainiya. Wani masani, Devine-Wright, ya ƙara da cewa mutum yana da shaƙuwa da wurinsa, in ka canja masa shi ba tare da shi ba kamar ka taɓa masa dangi ne. A Kenya an gani. Aikin injinan iska na Kinangop, mai kusan megawat 60, ya rushe a 2016 saboda rigimar fili da mutanen wurin. Na tafkin Turkana an gina shi, injina 365, amma a 2021 kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin makiyayan.

Ɗalibar Tek: Malam, a nan ne nake samun matsala da littattafan. Tambayoyin da na aro daga binciken Turai suna cewa: ƙarar injin tana damunka? Ya ɓata maka kyan gari? Zai rage darajar gidanka? Na karanta wa wata tsohuwa a Akwatia Line ta kalle ni ta ce wane gidan, ita da take ɗaki ɗaya na haya shekara talatin. Sai na ji kunya ta kama ni.

Hajiya Mai Lamurji: Yauwa, yanzu kika zo. Bari in ba ki labarin gidanmu. Ɗaki goma sha huɗu ne, mita ɗaya. Duk wata sai an zauna a tsakar gida ana ƙirga: kwan fitila maki ɗaya, fanka maki biyu, talabijin kaza, dutsen guga kaza. Ni mai firiza biyu ni ce saniyar tatsa. In katin ya ƙare kafin wata ya ƙare, ba mai kallon mai dafa ruwa da hita a ɓoye, ni ake harara. Shekaran jiya har wata ta ce wai lamurjina da sobolona ne ke shanye wutar gidan, ita kuwa 'ya'yanta ke zuwa in ba su na kyauta. Na so in sa sola ko don in huta da gori. Na je wurin mai gidan da muke haya, ya ce ba wanda zai huda masa kwano. Magana ta mutu a nan. To a takardarki ina za ki sa ni, cikin masu so ko cikin waɗanda ba su saya ba?

Baba Fansho: Kuma Hajiya ana cutarku ta wata hanyar da ba ku lura ba. Hukumar PURC mai yanka farashi ta ware rahusa ga mai ƙaramin amfani, wanda bai wuce yunit 30 a wata ba. Don talaka aka yi. Amma gidan haya mai mita ɗaya yana wuce 30 cikin kwana biyu, sai a caje ku duka kamar gidan attajiri guda. Mai ɗaki ɗaya da kwan fitila biyu, wanda don shi aka yi rahusar, ba ya ganinta.

Na'ibin Liman: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, ban so in yi magana ba, amma akwai amana a kaina. Wasu shekaru da suka wuce wata ƙungiya ta zo masallacinmu, ba zan kama suna ba don alheri suka nufa. Suka sa faifai shida a rufi, batir huɗu a ɗakin ajiya, da famfon da ke jawo ruwan alwala daga rijiya. Ranar buɗewa an yanka rago, an ɗauki hoto. Shekara biyu muna jin daɗi, azumi biyu muka yi tarawihi fanka na kaɗawa ko an ɗauke wuta. A ta uku batir ya fara kumbura, yana wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, inbata na ta kuka da asuba. Muka kira lambar da suka bari, ba ta shiga. Ba wanda aka koya wa ko duba ruwan batir. Ba wanda ya gaya mana cewa ranar canji na zuwa, balle mu riƙa ware wani abu daga kuɗin Juma'a. Yanzu faifan na nan a sama, ƙura ta rufe su, batiran kuma ladan ya ɗora tabarmi a kansu. In kika tambayi jama'ar masallacin nan game da sola, ba za su ce miki mugun abu ba ne. Cewa za su yi "ai ba ta daɗewa". Mutum ɗari biyar ke sallah a nan, kowa ya kai wannan labari gidansa.

Ɗan Sola: Malam, wannan labari ya fi ci min rai fiye da tsadar dala. Faifan nan naku ƙila lafiyarsu ƙalau, irinsu na yin shekara 20 zuwa 25. Batirin dalma ne ya mutu, kuma a zafin nan in ana zuƙe shi har ƙasa kullum, shekara biyu zuwa uku ne ajalinsa. Famfon ruwa ma bai buƙaci batir ba tun farko, da rana ake cika tanki, tankin shi ne ajiyar. Ku ba ni izini in zo ranar Asabar in auna, ba zan karɓi komai ba. Kuma don Allah kar a sayar wa yaran gwangwan da batiran su fasa a bakin kwata, dalma da ruwan cikinsu guba ne.

Na'ibin Liman: Allah ya saka da alheri. Zan gaya wa liman da asuba.

Ɗan Nima: Ni daga Accra nake leƙo ku. Duk wannan zagaye-zagaye ne, laifin gwamnatin da ta wuce ne, kowa ya san waɗanda suka

Shugaban Zaure: Ɗan Nima, dakata. Dokar zaure ba ta canja ba, ba jam'iyya a nan. Dumsor ta ga mulkin jam'iyyar mai alamar laima, ta ga na mai alamar giwa, ba wadda ta ji tsoro. A ci gaba da maganar ɗaliba.

Ɗan Nima: Na janye, Shugaba. Amma a bar ni in yi tambaya. An ce akwai doka, ina ta kwana?

Malamin Jami'a: Tambayarka na kan hanya. Dokar makamashi mai sabuntawa, lamba 832, an yi ta a 2011, aka yi mata gyara a 2020. Burin farko shi ne kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasa ya fito daga irin su rana da iska kafin 2020. Lokaci ya zo ba a kusa ba, aka matsar zuwa 2030. Abin da ya faru a tsakani shi ne darasin. Da dumsor ta matsa, tun bayan da ƙugiyar jirgi ta fasa bututun gas na Afirka ta Yamma a gaɓar Togo a 2012, aka yi ta sa hannu a kwangiloli da kamfanonin wutar mai da gas, har da jirgin ruwan Turkiyya mai samar da wuta da ya iso a 2015. Yawancin kwangilolin irin "ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya" ne. Da ƙura ta lafa sai aka wayi gari ƙarfin injinan ya fi buƙata, ana biyan kuɗin wutar da ba a sha ba. Daga baya Hukumar Makamashi ta dakatar da ba da sababbin lasisi na manyan tashoshin sola da iska, ba a ɗage ba sai 2023. Don haka abin da muke da shi bai taka kara ya karya ba: Navrongo mai megawat 2.5 tun 2013, Lawra da Kaleo a Upper West, wasu biyu a yankin Gomoa, da na Bui har da masu iyo a kan ruwa. Kin ga ƙanwata, wani lokaci masu jinkirin karɓa suna ofis ne da kwat, amma Hajiya ake kai wa takardar tambaya.

Ɗalibar Tek: Akwai kuma shirin sola a rufin gida na 2016, wanda ake ba da faifai har wat 500 kyauta in mutum ya sayi batir da inbata da kansa ya kuma canja fitilunsa zuwa LED. Da na karanta sharuɗɗan sai na tuna Hajiya. Wanda ke da rufin kansa da kuɗin batir shi aka ba kyautar.

Baba Fansho: Ban yarda a ce komai an gaza ba, kar ku tafi da wannan. Na ga abu biyu da suka ci da idona. A 2007 da ruwan Akosombo ya ja baya, aka raba kwan fitila mai tsimin wuta miliyan 6 kyauta, ka ba da tsohon a ba ka sabo. Ba a yi taron wayar da kai mai yawa ba, mutane suka ga kuɗin wata ya sauka, shi ke nan. Na biyu shirin taimakon kai da kai na kai wuta ƙauyuka. Gari in yana kusa da babban layi, mutanensa su sayi falwayoyin cikin gari, wasu gidaje su ja waya, gwamnati ta kawo sauran. Na ga tsofaffi suna karo-karo da kuɗin koko da doya. Garin da ya sayi falwayarsa, wallahi ko akuya ba ta isa ta goga jiki a kai ba. Da irin haka ƙasar nan ta haura kashi 85 cikin 100 na masu wuta.

Malamin Jami'a: Denmark ma ta nan ta bi, Baba. Ƙungiyoyin gama-kai na manoma da mazauna gari ne suka mallaki injinan iska da yawa tun farko, har suka taɓa yin doka a 2008 cewa mai gina sabo sai ya yi wa maƙwabta tayin kashi 20 cikin 100 na hannun jari. Ƙarar injin da kake da rabo a ciki ba ta hana barci.

Masta Mai Walda: To ai mu ma muna da adashi da susu. Amma Malam ka san halinmu, ranar tara kuɗin batir za ka ji wani ya ce shi fitila ɗaya kawai yake kunnawa.

Ɗalibar Tek: Wani abu ya faɗo min yanzu. Da na juya tambayoyin zuwa Hausa, kalma ɗaya ta Turanci ce, amma ni na rasa wadda zan ɗauka. Wani wuri na ce "kun yarda?", wani wuri "kun amince?", wani wuri "za ku karɓa?". Na ɗauka duk ɗaya ne.

Na'ibin Liman: Ina fa ɗaya, 'yata. Karɓa da hannu ake yi, ko abin da ba ka so in babba ya miƙo za ka karɓa. Yarda da baki ce. Amincewa kuwa sai ka ba mutum bayanka. Akwai ta huɗu da ba ki sa ba, haƙura. Mitar kati da aka kawo mana, yawancinmu haƙura muka yi. Mutanen Krobo da ba su haƙura ba kin ga inda ta kai su a 2022, makonni suna cikin duhu.

Malamin Jami'a: Malam, ka ba ta babi guda kyauta. A Turancin ma masana sun yi ta jayayya kan bambancin wanda ya yi shiru ya ƙyale da wanda ya tsaya wa abu, amma ban taɓa jin an yanka shi huɗu haka ba. Ƙanwata, rubuta shi yadda ya faɗa, kuma ki nemi izininsa.

Alhaji Mai Gida: An ce min ana cin namana a nan, shi ya sa jikana ya buɗe min wayar. Hajiya, ba ƙeta ba ce. Kwanon gidan nan tun na mahaifinmu ne, katakon ƙarƙashinsa gara ta ci rabi. Mu tara ne magada, uku suna Nima, ɗaya yana Jamus. In na bar ki kika ɗora, damina ta zo ya yi yoyo a ɗakin wani, wa za a kama? In kika tashi, ki cire ki bar min ramuka? In na bar ki, mai ɗaki na uku ma zai ce shi ma, rufin kuwa ba zai ɗauki goma sha huɗu ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Yarinyar nan ta zo gidan ta tambayi kowa, ni ba ta tambaye ni ba.

Ɗalibar Tek: Alhaji, ka yi min afuwa, kuskurena ne. Takardar ta ce a tambayi "mai amfani da wuta", ban yi tunanin mai rufin ba sam. In ka ba ni dama in zo in gaishe ka.

Hajiya Mai Lamurji: Alhaji, da ka faɗa min haka tun farko ai da ban yi wata biyu ina gaishe ka sama-sama ba. To in ni na sayi kwano huɗu na canja na saman ɗakina fa?

Ɗan Sola: Akwai ma hanyar da ba a huda kwano, a kafa ƙarfe a tsakar gida a ɗora a kai, ya zama rumfa. Masta zai iya haɗa ƙafafun. Sai dai in ga inda inuwar benen maƙwabta ke faɗawa da yamma, kuma ku sani Yuli da Agusta a Kumasi hadari ne, ba kamar Wa ko Navrongo ba.

Masta Mai Walda: Ƙarfen ku saya, aikin hannu na bar wa Hajiya, a biya ni da lamurji mai sanyi.

Alhaji Mai Gida: Tsakar gidan nan ake shanya, nan ake suna, nan ake zaman makoki. Sai na yi magana da na Nima tukuna. Ke kuma ɗaliba ki zo gobe bayan la'asar. Ki bar takardar a gida, akwai tsani, ki hau ki ga katakon da idonki.